YouTube ko PeerTube: ina ya kamata bidiyonka ya zauna?

A watan Yunin 2018 ma'aikatan Gidauniyar Blender da ke Amsterdam, masu yin wata manhajar zane da fina-finan kwamfuta, suka wayi gari bidiyoyin tasharsu ta YouTube sun daina kunnuwa a duk duniya. Ba fim ɗin wani suka sata ba, ba kuma zagin wani suka yi ba. Rikici ne kan wata yarjejeniya da ta shafi talla, su kuwa da ma sun zaɓi tasharsu ta zauna ba talla. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe musu, amma kafin nan sun riga sun kafa nasu dandalin da wata manhaja mai suna PeerTube, wadda a lokacin ko sigarta ta farko cikakkiya ba ta fito ba. Har yau dandalin nan yana aiki, har yau kuma suna ɗora bidiyo a YouTube.

Wannan tambaya ta inda bidiyo zai zauna ta iso mu tuni, ko ba mu kira ta da sunanta ba. Mai shirya fim mai dogon zango da ke jiran kuɗin talla duk wata, ɗalibin da ke ɗaukar karatun malam da waya yana ɗorawa bayan sallar isha'i, matar da ke koyar da girki, malamin jami'a da ke son ɗalibai su sake kallon lacca a ɗakin kwana, duk sun ajiye aikinsu a hannun kamfani guda. Yawancinsu ba su taɓa tambayar abin da suka bayar a madadin wannan ajiya ta kyauta ba.

Masu fafutukar 'yancin manhaja sun daɗe da tambayar. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci a 1983 ya kuma kafa gidauniyar 'yancin manhaja ta FSF a 1985, ya ce manhaja ba ta zama mai 'yanci sai mai amfani da ita yana da dama huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba tushen rubutunta ya gyara, ya ba wani kwafinta, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. Maganar farashi ba ta ciki. Ana iya ba ka manhaja ba ka biya ko sisi ba, amma linzaminta na hannun wanda ya rubuta ta, shi ke yanke abin da za ta yi a cikin wayarka.

A kan wannan ma'auni YouTube ya faɗi tun daga ƙofa. Manhajarsa ta waya a rufe take. Idan kuma ka ce bari ka guje ta ka shiga ta burauza, shafin zai turo maka tarin rubutun JavaScript, wato manhajar da ke tafiyar da shafin, ya yi aiki a cikin na'urarka, kuma ba ka da izinin gyara shi ko rarraba shi. Tun 2009 Stallman ya yi rubutu kan wannan tarko, cewa mutum na iya goge duk wata rufaffiyar manhaja daga kwamfutarsa amma shafukan intanet su riƙa cusa masa ita ta bayan gida kullum. Ka lura da abin da hakan ke nufi ga mai ɗora bidiyo. Idan a YouTube kaɗai ka ajiye karatu, duk mai son ji ka wajabta masa ya bi ta hanyar Google, a rubuta abin da ya kalla, minti nawa ya tsaya, da abin da ya nema kafin nan.

Adalci dai a faɗi alherin kamfanin. Google ne ya saki tsarin bidiyo na WebM a 2010 ba tare da neman kuɗin lasisi ba, yana cikin waɗanda suka haɗu suka samar da tsarin bidiyo na AV1, kuma a 2015 YouTube ya daina dogaro da Flash, wata rufaffiyar manhajar kunna bidiyo. Wato kwandon da ake zuba bidiyon ya samu 'yanci fiye da da. Hanyar isa gare shi ce har yanzu a hannunsu.

An yi ta ƙoƙarin buɗe wata hanyar. Akwai youtube-dl da magajinsa yt-dlp na sauke bidiyo, akwai NewPipe na wayar Android wanda ba a samunsa a Play Store amma ana samunsa a F-Droid, shagon manhajoji masu 'yanci, akwai Invidious da ke nuna maka bidiyon ta wani shafi ba talla ba bin sawu. Dukkansu manhajoji ne masu 'yanci, kuma dukkansu suna rayuwa ne cikin zullumi. A Oktoban 2020 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta sa aka sauke youtube-dl daga GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, sai a Nuwamba aka mayar da shi bayan ƙungiyar kare 'yancin intanet ta EFF ta shiga maganar. A Yunin 2023 lauyoyin YouTube suka aika wa masu Invidious takardar su dakata. Ko babu lauya ma, duk sanda YouTube ya canza wani abu a cikin shafinsa sai waɗannan manhajoji su tsaya cak har masu sa kai su gyara. Mai kallo zai iya jure haka. Mai tasha ba zai gina aikinsa a kan wannan ba.

Ɓangaren mai tashar ma ya fi zafi. Tun 2007 YouTube ke da injin Content ID, mai sauraron kowane bidiyo yana gwada shi da abin da manyan masu haƙƙin mallaka suka yi rajista. Injin bai san biki ba, bai san wasan kwaikwayo ba. Waƙar da ke tashi daga shagon maƙwabci lokacin da kake ɗaukar hira tana iya sa kuɗin tallan bidiyonka ya koma aljihun wani. Idan kuma ƙorafin haƙƙin mallaka na hukuma ya hau kanka sau uku cikin kwana 90, tashar na iya tafiya gaba ɗaya. A 2017, da kamfanin ya saki injin gano bidiyon ta'addanci, dubban bidiyoyin da 'yan Siriya suka ɗauka na yaƙin ƙasarsu suka ɓace, har da waɗanda masu bincike ke tattarawa a matsayin shaida. An dawo da wasu bayan an yi ta ƙorafi. Wanda ya ɗauka ya rasu ko wayarsa ta ƙone, nasa sai dai a yi haƙuri.

Akwai kuma abin da ya kamata masu ɗora wa'azi su sani. Daga ƙarshen 2020 a Amurka, sannan tsakiyar 2021 a sauran ƙasashe, ƙa'idojin YouTube sun ba shi damar sa talla a kan bidiyon tashar da ba ta cikin shirin raba kuɗi, ba tare da ya ba mai tashar komai ba. Saboda haka cewa "mu ba don kuɗi muke yi ba, ba mu kunna talla ba" ba ya hana wani tallan da malam ba zai so ba ya fito gab da fara tafsiri.

To me ya sa kowa ke can? Saboda abin da YouTube ke bayarwa ba ƙarami ba ne, kuma duk mai kwatanta shi da wani dandali ya ɓoye wannan ya yaudari mai karatu. Tun da Google ya saye shi a 2006 kan dala biliyan 1.65, an zuba masa dukiyar da babu wata ƙungiyar sa kai da za ta kamo ƙafarta. Ka ɗora awa ɗari, ba wanda zai ce ka biya kuɗin ajiya. Zai sarrafa bidiyon zuwa inganci iri-iri har ƙasa zuwa 144p, yadda mai ƙaramar waya a ƙauyen da sabis ke rawa zai iya kallo. Google na ajiye na'urorinsa a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa a ƙasashe da yawa, shi ya sa bidiyonsa ke buɗewa da sauri a inda wasu shafukan ke ta juyi. Sannan ga jama'a. Mutumin da bai taɓa jin sunanka ba zai gama kallon wani abu sai injin ya miƙo masa naka. Ga kuma kuɗi: tashar da ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara tana iya shiga shirin raba kuɗin talla, inda mai tasha ke karɓar kashi 55 cikin ɗari a dogayen bidiyoyi, a biya shi idan abin ya taru ya kai dala 100. Masana'antar fim ta Kano ta san darajar wannan, domin bayan kasuwar faifai ta mutu nan ne da yawa suka samu wurin numfashi.

YouTube rumfar haya ce a tsakiyar babbar kasuwa. Masu saye na wucewa dare da rana, amma mai kasuwar na iya canza kwaɗo ba tare da ya yi shawara da kai ba, kuma ranar da ka tashi kayanka kawai za ka ɗauka. Google Takeout zai ba ka kwafin bidiyoyinka, wannan gaskiya ne. Mabiyanka dubu ɗari kuwa babu hanyar da za ka tafi da su.

PeerTube an gina shi ne a kan akasin wannan tunani. Wani ɗalibi Bafaranshe da aka fi sani da laƙabin Chocobozzz ya fara shi a 2015, ƙungiyar Framasoft mai zaman kanta da ke birnin Liyon ta ɗauke shi aiki a 2017, aka tara gudummawar jama'a sama da yuro 50,000 a 2018, sigar farko ta fito a Oktoban shekarar. Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne babu wani shafi guda da ake kira PeerTube. Manhaja ce da kowa zai iya ɗorawa a kan uwar garkensa, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, ya buɗe nasa dandalin, da sunansa da dokokinsa. Jami'a na iya buɗe nata, gidan rediyo nasa, ƙungiyar masu fim tata.

Lasisinta AGPL ne, kuma wannan ba ƙaramin zaɓi ba ne. Lasisin manhaja mai 'yanci na yau da kullum, wato GPL, yana tilasta sakin tushen rubutu ne idan ka rarraba manhajar. Kamfani na iya gyara ta ya riƙa yi wa mutane aiki da ita ta intanet, ya ce ai bai rarraba ba. AGPL ya toshe wannan kafa: duk wanda ya gyara PeerTube ya buɗe wa jama'a, dole ya ba masu amfani damar ganin gyaran. Rubutun da ke sauka a burauzar mai kallo ma yana ƙarƙashin lasisin nan, don haka matsalar JavaScript ta warware, ba don an daina amfani da shi ba, sai don kowa na iya dubawa ya gyara.

Dandalan kuma suna magana da juna ta ƙa'idar ActivityPub, wadda hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Mai asusu a dandali ɗaya na iya bin tashar da ke wani dandalin, ya yi sharhi, ba sai ya sake rajista ba. Mai asusu a dandalin sada zumunta na Mastodon ma na iya bi. Akwai maɓallin saukewa a fili idan mai bidiyo ya bari, kuma mai dandali na iya kunna zaɓin sauti zalla, wanda ga karatun littafi na awa biyu shi ne ainihin abin da ake buƙata. A manhajar YouTube kuwa, idan kana so ka kashe allon waya karatu ya ci gaba, sai ka biya kuɗin Premium. An ƙara wa PeerTube watsa shiri kai tsaye a farkon 2021, manhajar waya ta hukuma ta fito a ƙarshen 2024.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Sunan PeerTube ya samo asali daga dabarar da masu kallo ke taya juna: idan mutum hamsin na kallon bidiyo ɗaya a lokaci guda, burauzarsu na musayar gutsattsarinsa tsakaninsu don a rage wa uwar garke nauyi. A Faransa, inda intanet ɗin gida ba a ƙirga shi, wannan dabara ce mai kyau. A Zariya ko Maraɗi, inda mutum ke sayen data yana lissafin kowane mega, ma'anarta ita ce wayarka na kashe data wajen tura wa wasu abin da kake kallo. A Najeriya ma an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 a Janairun 2025. Ƙari a kan haka, musayar na bayyana adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet, ga sauran masu kallo, abin da ɗan jarida ko mai kallon batu mai hatsari ba zai so ba. Ana iya kashe wannan tsari, mai kallo daga wurinsa, mai dandali kuma ga kowa. Shawarata ga duk mai buɗe dandali don masu kallo na yankinmu ita ce ya kashe shi tun ranar farko, ya yarda cewa nauyin duka zai dawo kan uwar garkensa da aljihunsa.

Aljihun nan shi ne babbar magana. A ɗauki tafsirin azumi, awa biyu kullum, kwana 30, awa 60 ke nan. Idan aka ƙaddara kowace awa ta ci giga ɗaya a matsakaicin inganci, ga giga 60, kuma kowane ƙaramin inganci da ka ƙara don masu raunin sabis yana da nasa wurin. Shekara biyar na wannan, da darussan sauran watanni, ya zama ajiya ta gaske. Hayar uwar garke galibi da dala ko yuro ake biya, duk wata, ko naira ta tashi ko ta faɗi. Sannan sai an samu wanda zai riƙa sabunta manhajar, ya ajiye kwafin ko-ta-kwana, ya share sharhin 'yan damfara, ya amsa idan wani ya kawo ƙorafin an ɗora fim ɗinsa ba izini. Yaron da ya iya wannan aiki yau yana unguwa, gobe ya samu aiki a Legas ya tafi da kalmar sirri a kansa. Dandalan al'umma da yawa ba kuɗi ke kashe su ba, rashin magaji ne.

Wanda ba zai iya buɗe nasa ba zai iya neman asusu a dandalin wani. Amma kada ya ruɗi kansa: manhajar na da 'yanci, mabuɗin kuma na hannun mai dandalin. Shi ma yana iya rufe ka, ko ya gaji ya kashe na'urar. Ko manya ba su tsira ba. Hukumar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta buɗe dandalin gwaji mai suna EU Video a kan PeerTube a 2022, ta rufe shi a 2024 da ba a samu wanda zai ci gaba da riƙonsa ba. Bambancin kawai shi ne akwai wasu dandalan da za ka koma, sababbin sigogin manhajar na ba ka damar kwashe asusunka da bidiyoyinka ka shigar a wani wuri, kuma idan sunan shafin naka ne, sai ka canza uwar garke ba wanda ya lura. Kamfanoni ma suna mutuwa, a tuna. Dandalin bidiyo na Vine ya rufe a 2017, na Blip a 2015.

Batun jama'a kuwa ba sai an ja ba. Framasoft na da injin bincike mai suna Sepia Search da ke leƙa ɗaruruwan dandali, amma babu wanda zai yi tuntuɓe da bidiyonka na Hausa a can. Duk mai kallo kai za ka kawo shi, ta WhatsApp, ta Facebook, ta sanarwa bayan salla. Kuɗin talla babu. Akwai maɓallin tallafi inda za ka rubuta yadda za a taimaka maka, shi ke nan.

Akwai wuri na uku da ake mantawa, Internet Archive, ma'ajiyar da Brewster Kahle ya kafa a 1996 a Amurka ba don riba ba. Ana ɗora bidiyo da sauti kyauta, ba talla, kuma kowane fayil na da adireshin saukewa kai tsaye da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Ba wurin tara mabiya ba ne, wurin ajiya ne. Shi ma ba dutse ba ne, don a Oktoban 2024 masu kutse sun durƙusar da shi na kwanaki, kuma ya sha shari'a da kamfanonin littattafai da na waƙa. Dandalin bidiyo na Odysee da ake yawan ambata ba zan tsaya a kansa ba. Kamfanin LBRY da ya haife shi ya sha kaye a shari'a da hukumar hannun jari ta Amurka a 2022 ya rufe a 2023, kuma wanda ke neman kwanciyar hankali ba zai ɗaure aikinsa da farashin kuɗin kirifto ba. Vimeo da Rumble rufaffu ne kamar YouTube, sai dai jama'arsu ba ta kai ba.

Idan abincinka daga kuɗin talla yake fitowa, ka zauna a YouTube, kada wani mai aƙida ya sa ka jin kunya. Abin da ya rage gare ka shi ne asalin kowane fim ya kasance a faifai biyu da ba a gida ɗaya suke ba, kuma ka samu wata hanyar isa ga masu kallonka da ba ta ratsa ta Google ba, ko da jerin lambobi ne ko shafinka na kanka.

Masallaci, makarantar Islamiyya, sashen jami'a, gidan rediyon al'umma, su ne nake ganin PeerTube ya fi dacewa da su, kuma su ne suka fi asara a tsarin yanzu. Ba sa neman kuɗin talla, masu sauraronsu sun riga sun san su, abin da suke ɗorawa kuma ana so ya kai shekara talatin. Ba lallai kowa ya buɗe nasa ba. Cibiyoyi biyar a gari ɗaya na iya haɗa kuɗi su riƙe dandali guda, sunan shafin a rubuta shi da sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba, kalmar sirri a hannun mutum biyu ko uku. Ba sai sun bar YouTube ba ma. PeerTube na iya bin tashar YouTube yana kwaso duk sabon bidiyon da aka ɗora, kodayake wannan ma yt-dlp yake dogara da shi, don haka yakan yi tuntuɓe idan YouTube ya tsananta. Ya fi aminci a ɗora a gida tukuna, sannan a kai kwafi can.

Wanda ke ɗaukar abin da zai iya zama shaida, rikici ne ko ambaliya ko cin zarafi, kada ya bar kwafi ɗaya tak a dandalin da inji ke yanke hukunci. Ya ajiye asalin fayil ɗin yadda ya fito daga waya, ya kai wani Internet Archive idan sakinsa ba zai jefa kowa cikin hatsari ba.

Kafin ka nemi asusu a dandalin PeerTube na wani, ka karanta shafin bayaninsa: wa ke riƙe da shi, da me ake biyan kuɗinsa, giga nawa ake ba kowane mutum, yaushe aka sabunta manhajar, da waɗanne dandali yake hulɗa, don akwai waɗanda suka zama matattarar masu ƙiyayya da aka kora daga wasu wurare. Sannan ka ɗora bidiyo ɗaya na minti goma, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke ƙauye mai ƙaramar waya, ka ce ya buɗe da yamma lokacin da sabis ya fi cunkoso, ya gaya maka sau nawa ya tsaya da kuma data nawa ya ci.